Neman Shawarar Jama'a Wajen Tsara Ayyukan Ƙaramar Hukuma

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zagaya karkarar Nijeriya ta Arewa ya sha cin karo da rumfunan kasuwa na bulo da kwano a bayan gari, awaki na kwana a ciki, alhali kuwa kasuwa tana ci a tsohon wurinta. Ya sha ganin ɗakin shan magani da aka shafa wa fenti aka garƙame, domin ba a tanadi ma'aikaci ko magani ba. Ko kuwa rijiyar burtsatse wadda famfonta ya lalace tun shekarar da aka haƙa ta, ba wanda ya san ko alhakin gyaranta a wuyan wa yake. Dukiyar jama'a aka kashe a kan waɗannan ayyuka, kuma galibi maginan sun yi aikinsu daidai gwargwado. Abin da ya kashe ayyukan shi ne a ofis aka yanke shawararsu, ba a tambayi masu amfani da su ba, ko kuma an tambaye su bayan an riga an ba da kwangila.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana yadda ƙaramar hukuma za ta nemi shawarar jama'arta ta hanyar da za ta yi amfani. Jigon bayanin kuwa shi ne: shawara ba ta cika sai ta zo kafin a yanke hukunci, ta kai ga waɗanda ba su halartar taro, kana a komo wa jama'a da amsa wadda za su iya gani a cikin kasafin kuɗi.

Matsayin Shawara a Tsarin Ƙananan Hukumomi

Shawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Akwai sura guda a cikin Alƙur'ani mai suna Shura, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa ta cikin ginshiƙai biyar na mulki. Amma a zamanin En'e, hanyar da ta haɗa fada da ƙauye ta fi ɗaukar umurni daga sama zuwa ƙasa: daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Abin da ya fi hawowa ta wannan hanya shi ne haraji da jangali.

A shekarar 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta yi wa tsarin gyaran fuska, ta kafa ƙananan hukumomi 301 iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, bisa ƙa'idar kowacce ta ƙunshi mutane tsakanin 150,000 da 800,000. Daga cikin manufofin da aka bayyana a lokacin akwai cewa ayyukan hukuma su dace da bukatun mutanen wuri, kuma ƙaramar hukuma ta zama hanyar da magana za ta riƙa zuwa tana komowa tsakanin jama'a da gwamnati. A yau akwai ƙananan hukumomi 774, Jihar Kano kaɗai tana da 44, kuma an rarraba su zuwa mazaɓu 8,809. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su riƙe su. Jadawali na huɗu kuwa ya ɗora musu kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da maƙabartu, da hanyoyi da magudanun ruwa, tare da sa hannu a harkar ilmin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Watau dai abubuwan da talaka yake taɓawa kowace safiya.

To, me ya sa hukumar da ta fi kowacce kusa da jama'a ta kan yi nisa da su? Babban dalili shi ne hanyar samun kuɗi. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, wanda hakan sauƙi ne babba ga talaka. Sai dai tun daga zamanin kuɗin man fetur, ƙananan hukumomi suka koma dogaro ga kason wata-wata daga asusun tarayya, wanda yanzu yake kashi 20.6 cikin ɗari, kuma shekara da shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. Daɗin daɗawa, gwamnoni da yawa sun riƙa naɗa kantomomi da kwamitocin riƙo a maimakon zaɓaɓɓu. Hukumar da ba ta neman kwabon mutum, ba ta kuma neman ƙuri'arsa, ba abin da zai tilasta mata ta tambaye shi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kwamitocin riƙo ya saɓa wa tsarin mulki. Ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta samun tsaiko, ya ƙara wa tambayar nan nauyi: idan kuɗi ya iso sakatariya, wa zai faɗi inda za a kashe shi?

Bambancin Shawara da Sanarwa

A 1969 wata Ba'amurkiya mai suna Sherry Arnstein, bayan ta nazarci shirye-shiryen raya unguwannin matalauta a biranen Amurka, ta kwatanta sa hannun jama'a da tsani mai matakai takwas. A can ƙasa akwai matakan da ake tara mutane don a juya su kawai. A tsakiya akwai waɗanda ake sanar da su, a saurare su, a lallashe su, amma hukunci yana hannun wasu. A sama ne ake raba iko da su. Abin lura shi ne ta sa sauraron ra'ayi a cikin matakan tsakiya, domin ana iya sauraron mutum daga hantsi har la'asar ba tare da maganarsa ta sauya ko layi ɗaya a takarda ba.

Sabili da haka, tambaya ta farko da ya kamata jami'in tsare-tsare ya yi wa kansa kafin ya aika da takardar gayyata ita ce: mene ne ya rage ba a yanke ba, wanda maganar mutanen nan za ta iya sauyawa? Idan safiyo ya riga ya kafa turaku, ɗan kwangila ya karɓi kuɗin somin aiki, to taron sanarwa ne, kuma ya fi kyau a kira shi da sunansa. Ba laifi ba ne hukuma ta yi sanarwa. Laifin shi ne ta sa wa sanarwa rigar shawara. Mutanen karkara suna gane wannan tun kafin a gama addu'ar buɗe taro, kuma idan an yi musu sau biyu, a na uku ba za su zo ba.

Darasin Bakolori da na Fadama

An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato, kusa da Maradun da Talata Mafara, tsakanin 1974 da 1978. Lokacin da aka gama ta yankin yana cikin Jihar Sakkwato, yanzu kuwa yana Zamfara. Manufar aikin ita ce noman rani na zamani. Amma an tayar da garuruwan da ruwa zai cinye aka kai su wurin da ƙasar noma ba ta kai ta da kyau ba. An karɓe gonaki don a baje su da katafila a haƙa magudanai, manoma suka yi damuna a kan damuna ba su shuka ba. An sassare itatuwa masu amfani. Maganar diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Da koke ya ƙi ci, manoma suka datse hanyoyin zuwa wurin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu, aka yi hasarar rayuka da yawa. Can ƙasa da madatsar kuma, ambaliyar da ke shayar da fadamu kowace shekara ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya, alhali mutanen wannan ɓangare ba su ma shiga lissafin masu tsara aikin ba.

Gaskiya ne Bakolori aikin gwamnatin tarayya ne. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar fili na gargajiya a karkara, da ikon karɓar fili don amfanin jama'a. Duk ranar da za a tayar da kasuwa, ko a yanka gona don gina makaranta, ko a sauya wa ruwan sama hanya da kwalbati, tambayoyin Bakolori suna nan a ƙaramin sikeli: filin wa za a ɗauka, yaushe za a biya shi, wa kuma yake ƙasa da inda ruwan zai bi?

Shirin Fadama ya nuna yadda ake gyara irin wannan kuskure. Kashi na farko, a farkon shekarun 1990, ya taimaka wa manoman rani da injunan ban-ruwa da ƙananan rijiyoyi, lambuna suka yawaita. Sai dai fadamar nan ita ce makiyayar rani da mashayar dabbobi, don haka rigima tsakanin manoma da makiyaya ta ƙaru. A kashi na biyu, wanda aka soma a 2004, aka shardanta cewa manoma, da makiyaya, da masunta, da mafarauta, da ƙungiyoyin mata su zauna tare su rubuta shirin raya yankinsu, wani kwamiti a ƙaramar hukuma ya duba shi, kafin a saki kuɗi. Da aka ɗaura kuɗi a kan shawara, sai shawara ta zama tilas.

Su Wa Za a Nema

Wani masani ɗan Ingila, Robert Chambers, ya nuna a 1983 yadda ziyarar jami'ai take ɓoye musu talauci: su kan tsaya a bakin titi, su zo da rani lokacin da hanya ke biyuwa, su gana da manya da maza da masu lafiya, su kuma ji nauyin yin tambayar da za ta kunyata mai masauki. Wanda ya taɓa raka shugaban ƙaramar hukuma rangadi ya san haka abin yake.

Maganin wannan shi ne a zauna da kansila da dagaci da masu unguwanni tun kafin ranar taro, a lissafa duk rukunin mutanen da ke mazaɓar: ƙauyuka da rugage da tungaye, har waɗanda mota ba ta zuwa, manoman tudu da na fadama, makiyaya ta hannun arɗo, 'yan kasuwa, da mahauta, da direbobi, malaman makarantun allo da na boko, limamai da shugabannin coci inda akwai su, matasa, naƙasassu, da baƙin da suka daɗe a gari amma ba su da wakili a fada. Bayan taro sai a sake duba wannan jeri a ga wa ya zo, wa bai zo ba. Wanda bai zo ba, a bi shi inda yake.

Maganar mata tana bukatar kulawa ta musamman. A garuruwa da yawa matan aure ba su zuwa dandali, alhali kuwa su ne suka fi sanin yawan ruwan da gida ke sha, da nisan asibiti ga mai naƙuda, da dalilin da ya sa yarinya ta daina zuwa makaranta. Lalle ne a tura ma'aikata mata su same su a cikin gida, ko a makarantun Islamiyya, ko a asibiti ranar awo da rigakafi, tare da taimakon ungozoma da shugabannin ƙungiyoyin adashi. Sau da yawa idan maza sun zaɓi hanyar mota, mata ruwa za su zaɓa. Hukumar da ta ji ɓangare ɗaya rabin gari ta ji.

Har ila yau akwai maganar kunya da girmamawa. A gaban hakimi, talaka ba ya cewa a'a. Abin da zai ce shi ne, ranka ya daɗe, haka ne. Saurayi ba ya musu da mahaifinsa ko surukinsa a bainar jama'a. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma ta kan sa shiru ya yi kama da yarda. Don haka ya fi dacewa uban ƙasa ya buɗe taro ya sa albarka, sa'an nan a rarraba mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni ya tattauna shi kaɗai, ya zaɓi mai magana da yawunsa, kana a sake haɗuwa. Manya su yi magana daga ƙarshe. Sarakuna su ne mabuɗin gari, ba a shiga sai da su. Amma ra'ayin mai sarauta bai ɗauke wa hukuma nauyin jin na talakawansa ba.

Lokaci da Wuri da Harshe

Shekarar kuɗi ta gwamnati tana somawa daga Janairu, ana kuma shirya kasafi a watannin ƙarshen shekara. Shawarar da aka nema a Disamba ihu ne bayan hari. Sai dai ba wani lokaci guda da ake samun kowa a gida. Da damuna manomi yana gona daga asuba. Da kaka yana girbi. Da rani kuwa 'yan ci-rani sun tafi birni, makiyaya sun yi kudu. Abin da ya fi shi ne zagaye biyu: na farko bayan an gama kaka, lokacin da mutane suke da sukuni, don tattara bukatu, na biyu a tsakiyar damuna, don jami'ai su ga da idonsu inda rafi ke yanke hanya da inda ruwa ke kwanciya, su kuma sami waɗanda ba su nan da rani. Gani ya kori ji.

Ranar kasuwa ta dace da yin shela, domin mutanen ƙauyuka suna hallara, amma ba ta dace da taro ba, kowa hankalinsa yana kan ciniki. A ba da sanarwa aƙalla mako guda kafin ranar, ta bakin mai shela, da masallatai, da rediyo, da saƙon wayar hannu, a kuma faɗi abin da za a tattauna. Wurin taro ya zama a cikin mazaɓar, a makarantar firamare ko ƙofar gidan dagaci, maimakon zauren sakatariya inda mai gadi da kujerun alfarma ke sa baƙauye ya tsargu. A yi magana da harshen mutane, a kawo tafinta inda ake jin Fulatanci ko Barbarci ko wani harshe. Taswirar injiniya ba kowa ke karanta ta ba. Amma idan aka ce mutane su zana garinsu a ƙasa da tsinke, su sa alamar rijiyoyi da burtali da maƙabarta da kwari, cikin sa'a guda za a ji abin da ba ya cikin kowane fayil. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga Koke Zuwa Tsari

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi jama'a me suke so, ba tare da an faɗa musu abin da ke cikin asusu ba. Sakamakon haka shi ne dogon jeri: asibiti, kwalta, lantarki, sakandare, duk a shekara ɗaya. Jami'i ya rubuta, a tafa, a watse, ba a yi ko ɗaya ba. Tilas ne a buɗe taro da bayanin gaskiya: ga abin da ya shigo bara, ga abin da albashi ya ci, ga abin da ya rage na ayyuka, ga kimanin rabon wannan mazaɓa. A kuma bambance abin da ke hannun ƙaramar hukuma da wanda sai dai ta kai kuka ga jiha ko tarayya.

Da zarar an san iyakar kuɗi, sai magana ta koma zaɓi: wanne za a fara, wanne zai jira. Ana iya ba kowane mahalarci tsakuwa ko ƙwayar masara guda biyar ya jefa a ƙoƙunan da ke wakiltar ayyuka, a bayan labule, don wanda bai iya karatu ba ya sami baki daidai da wanda ya iya. A ƙirga na maza dabam, na mata dabam, a bayyana duka biyun. Amma rinjaye kaɗai bai isa ba, domin babban gari kullum zai kayar da ƙaramin ƙauye. Ya kamata majalisa ta kafa ma'auni tun da wuri, wanda zai duba yawan jama'a, da tsananin rashi, da kuma wanda ya samu a shekarun baya.

Kafin a tashi, kowane aikin da aka zaɓa a yi masa tambayoyin gobe. Wa zai ba da fili, da wane sharaɗi? Wa zai zauna a ɗakin shan maganin, wa zai biya shi? Idan famfo ya lalace, wa zai tara kuɗin gyara, a hannun wa za a ajiye? A nan ne jami'an ma'aikatun ayyuka da lafiya da gona za su faɗi abin da ilminsu ya nuna, ko da bai yi wa jama'a daɗi ba: wurin nan dutse ne, ba za a sami ruwa ba. Jama'a sun san bukatarsu, ma'aikaci ya san abin da zai yiwu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga ƙarshe a karanta abin da aka rubuta da babbar murya, wakilan rukunoni su sa hannu, a bar kwafi ɗaya a garin.

Mayar da Amsa

Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa, kuma shi ne ke raya sauran. Birnin Porto Alegre na ƙasar Barazil ya yi suna a duniya domin tun daga 1989 ya raba kansa zuwa yankuna, waɗanda daga baya suka zama 16, mutanen kowane yanki suna taruwa su jera bukatunsu, su zaɓi wakilai da za su zauna da hukuma a kan kasafi. Abin da ya riƙe tsarin shi ne ana buga jerin ayyukan da aka amince da su, kuma zagayen kowace shekara yana somawa da bayanin abin da aka yi da alkawarin bara. Da ayyukan da aka yi alkawari suka taru ba a aiwatar ba, tsarin ya raunana, har aka dakatar da tarurrukan a 2017. Tashinsa da faɗuwarsa duk darasi ɗaya suke koyarwa.

Saboda haka, bayan majalisa ta amince da kasafi, wajibi ne kansila da jami'in tsare-tsare su koma kowace mazaɓa su ce: ga abin da kuka nema, ga wanda ya shiga, ga wanda bai shiga ba da dalilinsa. A liƙa wannan a allon sanarwa na makaranta da asibiti, da sunan aiki, da kuɗinsa, da ɗan kwangila, da ranar gamawa. A kafa ƙaramin kwamiti na mutanen gari, har da mata, wanda zai sa ido, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai ya shaida an gama. Mutane suna iya haƙuri da a'a idan an faɗa musu dalili. Abin da ba su yafewa shi ne shiru.

Kammalawa

Neman shawarar jama'a yana cin lokaci, yana cin man mota, wani lokaci kuma yana jawo wa jami'i maganar da ba ya so ya ji. Amma idan aka auna wannan da kuɗin kasuwar da ba a ci, ko rayukan da rikicin burtali ke ci, sai a ga araharsa. Ga ɗalibin da ke shirin shiga aikin gwamnati, da ma'aikacin da ke cikinsa, ma'aunin taron shawara ba yawan kujerun da aka cika ba ne. Ma'auninsa shi ne a ɗauki daftarin kasafi na kafin taro da na bayansa a jera su: idan akwai aikin da ya sauya wuri, ko ya sauya matsayi, ko aka soke shi saboda abin da mutanen gari suka faɗa, to an yi shawara. Idan kuwa takardun biyu ɗaya ne, sai a sake komawa ƙauye.